Aikin injiniyan algoritim na kwantam a ƙaramin kamfani: me suke nema, kuma ta ina ake shiga daga Yamai?

Wata ɗaliba ƴar asalin Tahoua, da ke ƙarasa masta a fannin lissafi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ta aiko da tambaya kamar haka: "Na ga sanarwar wani ƙaramin kamfani a Turai yana neman injiniyan algoritim na kwantam. Na iya Python daidai gwargwado, na kuma yi kwas biyu ta intanet har an ba ni takardun shaida. Mene ne ainihin aikin, me suke dubawa kafin su ɗauki mutum, kuma wanda ke zaune a Nijar yana da hanya?"

Ƙanwata, hanya akwai ta, kuma lissafin da kike karantawa shi ne babban jarinki. Takardun shaidar nan biyu kuwa ki adana su, amma kada ki jingina da su, domin duk wanda ya nemi wannan aiki yana da irinsu. Abin da ƙaramin kamfani yake biyan albashi a kansa shi ne mutumin da za a miƙa wa matsala, ya zauna ya ƙididdige kubit (ƙwayar bayani a injin kwantam, wato kwamfutar da ke aiki da dokokin ƙananan ƙwayoyin zarra) nawa za ta ci, ƙofa (mataki ɗaya na lissafi a kan kubit) nawa, awa nawa, sannan ya kwatanta da abin da kwamfutar yau da kullum za ta iya, ya faɗi sakamakon ko da bai yi wa mai kamfanin daɗi ba. Idan kika iya nuna wannan a rubuce, da shirin kwamfuta da kowa zai iya sake gudanarwa, kin wuce yawancin masu nema. Kuma wannan shaida ana iya haɗa ta a ɗaki a Yamai da kwamfutar hannu.

Sai kin san halin da injunan suke ciki kafin ki gane dalilin da ya sa aikin ya zama haka. Manyan algoritim ɗin da ake koyarwa tsofaffi ne: na Peter Shor mai rarraba babbar lamba zuwa ginshiƙanta ya fito a 1994, na Lov Grover mai saurin bincike a 1996. Injin da zai gudanar da su a girman da zai yi amfani bai samu ba tukuna. Abin da ya hana shi ne kuskure. A injuna masu kyau na yau, ƙofar da ta haɗa kubit biyu tana kuskure tsakanin sau ɗaya cikin dubu zuwa sau ɗaya cikin ɗari. Ki ɗauki ƙofa mai inganci kashi 99.5 cikin ɗari, ki jera 200: damar a wuce duka ba kuskure ita ce 0.995 a ninka a kanta sau 200, wato wajen kashi 37 cikin ɗari. Ki jera 1,000, damar ta faɗi ƙasa da kashi 1. Algoritim mai amfani kuwa yana son ƙofofi miliyoyi, wani biliyoyi. Maganin shi ne gyaran kuskure: a tara ɗanyun kubit masu yawa su zama kubit ɗaya mai kariya. A tsarin da aka fi amfani da shi, wanda ake shimfiɗa kubit a kan fili kamar gidajen dara, kariya mai tazarar d, wato mai gidaje d a kowane gefe, tana cin ɗanyun kubit 2d² − 1. Tazara 7 tana cin 97, tazara 25 tana cin 1,249, duka don kubit ɗaya tak mai kariya. A Disamba 2024 Google ta nuna da injinta Willow mai kubit 105 cewa idan aka ƙara tazara daga 3 zuwa 5 zuwa 7, kuskure yana raguwa da fiye da rabi a kowane mataki. Babban ci gaba ne. Amma ki ajiye shi kusa da ƙiyasin Craig Gidney na 2025, wanda ya ce karya mabuɗin ɓoye bayanai na RSA mai bit 2048 zai so ɗanyun kubit ƙasa da miliyan ɗaya da kwanaki ƙasa da bakwai. A 2019 shi da Martin Ekerå sun ƙiyasta miliyan 20 da awa 8. Wannan saukowa daga miliyan 20 zuwa ƙasa da miliyan ɗaya ba sabon ƙarfe ne ya kawo ta ba, aikin masu algoritim ne, kuma irin aikin da ake ɗaukar mutane a kai ke nan.

Don haka ranar injiniyan algoritim ba ta cika ƙarewa a gaban injin kwantam ba. Yawancinta karatun sabbin takardun bincike ne a shafin arXiv, inda masu bincike ke ɗora su kyauta, rubuta Python, kwaikwayon injin a kan kwamfuta ta yau da kullum, da rubuta rahoto. Ƙiyasin kayan aiki shi ne ƙashin bayan sana'ar, kamar yadda magini yake lissafa buhun siminti da ƙarfe kafin a haƙa tushe, ya gaya wa mai gida ko kuɗinsa za su kai rufi. Ga misalin irin lissafin. Abokin ciniki ya zo yana son a hanzarta masa bincike da algoritim ɗin Grover, wanda ke mayar da gwaji N zuwa wajen tushen N (√N): abu miliyan ɗaya ya koma zagaye 785. A takarda abin sha'awa ne. To, mu ɗauka kowane zagaye yana cin ƙofar Toffoli (ƙofa mai haɗa kubit uku) 10,000, kowace kuma tana ɗaukar kashi 100 cikin miliyan na daƙiƙa a injin mai gyaran kuskure. Zagaye ɗaya ya zama daƙiƙa guda. Kwamfutar yau da kullum tana yin gwajin a kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, kuma ana iya haɗa ƙwaƙwalwa 1,000 su raba aikin. Tazarar gudu ta zama biliyan ɗaya. Kwantam ba zai fara cin riba ba sai matsalar ta girma har zagayen ya kai biliyan, wato daƙiƙa biliyan ɗaya, kusan shekara 32. Wanda ya iya fitar da wannan a kan allo cikin minti goma, ya kuma bayyana wa mai kuɗi cikin harshe mai sauƙi, shi ne injiniyan da suke nema. Saboda irin wannan lissafi ne masu bincike na Google suka wallafa a 2021 cewa saurin "tushen N" kaɗai ba zai wadatar ba a injunan farko, hankali ya koma kan matsalolin da ribarsu ta fi haka nesa, musamman kwaikwayon sinadarai da kayan ƙira.

A nan akwai misalin da ya shafe mu kai tsaye. Takin zamani ana yin sa ne ta hanyar Haber da Bosch, mai buƙatar zafi da matsi masu yawa, tana cin tsakanin kashi 1 zuwa 2 na makamashin duniya. Ƙwayoyin da ke jikin saiwar wake da gyaɗa suna kama iskar naitirojin ba tare da wannan zafi ba, da taimakon wani ƙullin ƙarfe da molibdenum da ake kira FeMoco. A 2017 Markus Reiher da abokan aikinsa suka ƙiyasta abin da injin kwantam zai ci kafin ya lissafa wannan ƙulli, kuma tun lokacin masu algoritim suke ta sassare ƙiyasin. Idan kina neman takarda ɗaya da za ki bi zuriyarta don ki ga yadda sana'ar take tafiya, ki fara da ita.

Kamfanonin ba iri ɗaya ba ne, kuma kalmar "injiniyan algoritim" tana canza ma'ana daga wannan zuwa wancan. Masu ƙera inji, irin su Pasqal, Quandela da Alice & Bob a Faransa, IQM a Finlan, IonQ, Rigetti da QuEra a Amurka, Xanadu a Kanada, suna son wanda zai nemo abin da nasu injin ya fi iyawa, ya daidaita algoritim da lahaninsa. Masu manhaja zalla, irin su Phasecraft a Ingila da Algorithmiq a Finlan, suna sayar da dabara ne, don haka sun fi tsanantawa a kan bincike. Riverlane a Kambirij ta Ingila ta fi ƙarfi a kan na'urar da ke karanta alamun kuskure ta faɗi gyaran da za a yi. Ki karanta sanarwar da kyau. Idan ta ce ana son wanda zai ƙirƙiro sabon algoritim ya wallafa, to doktora suke nufi, ko sun rubuta ko ba su rubuta ba, kuma mai masta ba kasafai yake tsallake tacewar farko ba. Amma a gefen wannan ƙunƙuntar ƙofa akwai wasu masu faɗi. Akwai masu rubuta manhajar da ke mayar da algoritim zuwa ƙofofin da injin ya sani, aikin da yake son ka'idar jadawalin ɗigo da layi da C++ ko Rust. Akwai masu aikin warware alamun kuskure, inda a injin mai sanyi sosai zagayen awo yake zuwa kusan kowane kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, dole mai warwarewa ya bi wannan gudu ko aiki ya taru masa. Akwai masu zama da abokan ciniki su mayar da matsalar banki ko ta kamfanin magani zuwa lissafi. Waɗannan uku suna ɗaukar mai masta idan hannunsa ya faɗa a rubutun shiri, kuma daga cikinsu mutane suke gangarawa zuwa bincike.

Game da abin da za ki ƙware a kai, aljabarar matiris ita ce gaba da komai: lambobi masu sashen ƙiyasi, matiris na Hermite da na juyi, abin da kuke kira valeurs propres a aji, ninkin tensa, da rarraba matiris zuwa ƙimominsa. Sai ilimin yiwuwa da ƙididdiga, domin injin kwantam ba ya ba da amsa, samfuri yake bayarwa, ke ce za ki fitar da amsa da iyakar kuskurenta. Sai ka'idar wahalar lissafi, ki san bambancin P, NP da BQP, wato azuzuwan da ake kasa matsaloli gwargwadon wahalarsu, ki kuma san cewa ba wanda ya nuna kwantam yana warware matsalolin NP masu tsauri cikin sauƙi. Littafin Nielsen da Chuang na 2000 har yau shi ne tushe, darussan Ronald de Wolf kuma suna arXiv kyauta, sun fi dacewa da mai lissafi. Ki yi atisayen da alƙalami, kada ki tsaya ga karantawa. Sai Ingilishi. Mu da muka yi karatu da Faransanci wannan ne wurin da ake yawan kayar da mu: takardun bincike, tarurruka, har hirar aiki a kamfanonin Paris da yawa, da Ingilishi ake yi. Karatu kaɗai bai isa ba, sai kin iya tsayawa minti 30 kina bayanin aikinki ana katse ki da tambaya.

Yanzu ga abin da na fi so ki mayar da hankali a kai, wato ayyukan da za ki ɗora a GitHub, shafin da ake ajiye shirin kwamfuta kowa ya gani. Biyu ko uku masu zurfi sun fi ashirin da aka kwafo daga darasi. Ki fara sanin iyakar kwamfutarki. Kwaikwayon kubit n yana son lambobi 2 a ninka sau n, kowace tana cin bayit 16. Kubit 25 ya ci megabayit 512, kubit 28 gigabayit 4, kubit 30 gigabayit 16, kubit 40 terabayit 16. Da kwamfuta mai gigabayit 8 ki tsaya a 26 ko 27, kuma hakan ya ishe ki duk abin da zan faɗa.

Na farko, gwajin gyaran kuskure. Ki sauke manhajojin Stim da PyMatching, na biyun mai warware alamun kuskure, duka kyauta ne, kuma Stim yana kwaikwayon dubban kubit a kwamfutar hannu saboda ya taƙaita ga ƙofofin Clifford, waɗanda ba sa buƙatar waccan ƙwaƙwalwa mai ninkuwa. Ki gina kariya mai tazara 3, 5 da 7, ki riƙa canza yawan kuskuren ɗanyen kubit daga kashi 0.1 zuwa kashi 1.5 cikin ɗari, ki zana yawan kuskuren kubit mai kariya. Layukan uku za su haɗu a wuri ɗaya, ƙasa kaɗan da kashi 1 idan kin sa kuskure a kowace ƙofa da kowane awo. Ƙasa da wannan mahaɗa ƙara kubit yana taimako, sama da ita yana ƙara ɓarna. Inda masu koyo suke faɗuwa: a ƙananan ƙimomi kuskure ba ya yawan aukuwa, sai mutum ya gudanar sau 10,000 ya ga kuskure biyu ya ɗiga a zane kamar tabbas ne. Ƙa'idar ita ce ki ci gaba har ki tara kuskure wajen 100 a kowane ɗigo, wanda zai ba ki rashin tabbas na kusan kashi 10, ki kuma zana sandar rashin tabbas ɗin. Wani kuskuren shi ne mantawa a daidaita yawan zagaye da tazara, sai a kwatanta zagaye 3 da zagaye 7 kamar abu ɗaya. Ki raba ki ba da kuskure a kowane zagaye.

Na biyu, sinadarai. Da manhajar lissafin sinadarai ta PySCF ki fitar da bayanin ƙwayar haidirojin biyu a mafi ƙanƙantar tushe, STO-3G, wadda ke cin kubit 4. A tazarar angistirom 0.74 amsar da za ki samu tana kusa da −1.137 hatiri (ma'aunin makamashi). Ki gudanar da VQE, hanyar neman mafi ƙarancin makamashin ƙwaya da aka fito da ita a 2014, ki kwatanta da cikakkiyar amsar da PySCF ya bayar. Idan kin ga amsarki ta kauce da wajen 0.7, kin manta ƙara makamashin turjiyar ƙwayoyin tsakiya, wanda ake lissafawa daban. Idan alkaluman sun fito a birkice, ki duba jerin kubit: Qiskit, manhajar kwantam ta IBM, yana sa kubit na sifili a dama, littattafai da yawa da Cirq, ta Google, suna sa shi a hagu, kuma wannan ƙaramin abu ya cinye wa mutane kwanaki. Daga nan ki hau zuwa LiH mai kubit 12 da ruwa mai kubit 14. Amma darajar aikin tana cikin tambayar da za ki amsa a ƙarshe: awo nawa ake bukata? Masu sinadarai suna son daidaito na 0.0016 hatiri. Rashin tabbas yana raguwa ne da tushen yawan awo, don haka awon da ake so yana tafiya da ɗaya bisa murabba'in daidaiton, wato dubu ɗari huɗu ba kaɗan, a ninka da bazuwar abin da ake aunawa. Sassan da za a auna kuma suna ƙaruwa kamar N⁴, inda N yake yawan kubit. Ki zana yadda wannan kuɗi yake hawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya, ki faɗi a ina hanyar ta daina zama mai yiwuwa. Ki kuma ambaci matsalar da Jarrod McClean da abokansa suka nuna a 2018, cewa a jerin ƙofofi masu zurfi da aka fara da ƙimomin kan-mai-uwa-da-wabi, gangaren da ake bi don inganta amsa yana shafewa yayin da kubit ke ƙaruwa, sai shirin ya tsaya cik ba ya koyon komai.

Idan kina son na uku, ki ɗauki QAOA, algoritim na kwantam mai neman amsa kusa da mafi kyau, a kan matsalar raba jadawali gida biyu, ki kwatanta da hanyar Goemans da Williamson ta 1995, wadda ta ba da tabbacin kashi 87.8 na amsa mafi kyau, alhali QAOA mai hawa ɗaya a jadawali mai rassa uku tabbacinsa kashi 69.2 ne. Kada ki kwatanta da zaɓen kan-mai-uwa-da-wabi ko da gwada kowace amsa ɗaya bayan ɗaya. Rauninta abokin gasa don kwantam ya yi fice shi ne laifin da mai dubawa zai fara nema, kuma tarihin fannin ya koya musu. A 2019 Google ta ce injinta Sycamore mai kubit 53 ya yi a daƙiƙa 200 abin da zai ci babbar kwamfuta shekara 10,000, IBM ta amsa cewa kwana biyu da rabi ya isa. A 2023 IBM ta wallafa gwaji a kan kubit 127, cikin makonni wasu suka maimaita shi a kwamfuta ta yau da kullum. A 2018 Ewin Tang, tana ƴar shekara 18, ta nuna cewa wani algoritim na kwantam da ake alfahari da shi wajen ba masu saye shawara yana da takwara na yau da kullum mai gudu kusan iri ɗaya. Duk ƙaramin kamfani mai hankali yana tsoron ya yi shela yau a ƙaryata shi gobe, shi ya sa mai iya kai wa sakamakonsa hari da kansa yake da tsada.

Ki gwada injin gaske ko sau ɗaya. IBM tana ba da minti 10 kyauta a wata ga mai rajista. Ki gama gyara komai a kwaikwayo kafin ki aika, ki kuma duba jerin ƙofofin bayan an fassara shi ga injin: inda kubit biyu ba maƙwabta ba ne, sai an saka musanya, kowace musanya kuma ƙofar CNOT uku ce, jerin da kika rubuta da ƙofa 40 yana iya komawa 150. A lokacin zafi, da wuta take yawan ɗaukewa, ki sa shirinki ya riƙa adana sakamako a fayil bayan kowane ɗigo, ki rubuta lambar sigar kowace manhaja a fayil ɗin buƙatu. Qiskit ya canza abubuwa da yawa da fitowar siga ta 1.0 a 2024, shirin da bai faɗi sigarsa ba sau da yawa ba ya tashi a hannun wani, mai dubawa kuma ba zai zauna gyara miki ba.

Hanya mafi gajarta da sunanki zai isa idon injiniyoyin kamfani ita ce gyara a manhajojin buɗaɗɗu: Qiskit, Cirq, PennyLane, Mitiq. Ki nemi ƙananan matsalolin da aka yi wa alamar masu farawa, ki gyara, ki jure gyaran da za a yi miki. Unitary Foundation tana shirya unitaryHACK kowace shekara, inda ake biyan lada a kan irin waɗannan gyare-gyare, tana kuma ba da ƙaramin tallafi na dalar Amurka 4,000 ga aikin da ya cancanta, ba tare da tambayar digiri ba. Quantum Open Source Foundation tana haɗa masu koyo da ƙwararru na ƴan watanni. Duka ana yin su daga gida.

Ita ganawar ɗaukar aiki takan zo hawa-hawa: gajeriyar hira ta farko, gwajin rubuta shiri, zaman tambayoyi a kan allo, jawabi a kan aikin da kika yi, sai hira da waɗanda suka kafa kamfanin. A zaman allo ki shirya bayyana dalilin da ya sa ba a iya kwafe halin kubit, dalilin da ya sa sarƙewar kubit biyu ba ta aika saƙo, da yadda algoritim ɗin ƙiyasin kusurwa (phase estimation) yake aiki tun daga tushe. Tambayar da ta fi rarrabe mutane ita ce ta HHL, algoritim ɗin warware jerin lissafin layi na 2009. Mai haddar darasi zai ce yana da saurin da ya ninka ba iyaka. Wanda ya fahimta zai kawo sharuɗɗan: shigar da bayanan cikin injin na iya cinye ribar duka, dole matiris ya kasance mai yawan sifili kuma ba mai saurin karkacewa ba, amsar kuma tana fitowa ne a matsayin halin kwantam, karanta dukkan lambobinta yana mayar da ke inda kika fito. Idan aka tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, sannan ki nuna ta inda za ki fara. Suna sauraron yadda kike tunani da babbar murya.

Batun zama a Nijar kuwa, ga yadda yake. Mafi yawan waɗanda suka shiga fannin daga ƙasashenmu sun bi ta karatu ne. AIMS, cibiyar lissafi da Neil Turok ya kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal, Gana, Kamaru da Ruwanda, tana ba da masta ta shekara ɗaya da cikakken tallafi, kuma a Kigali take da sashen bincike na Quantum Leap Africa. Cibiyar ICTP da ke Tiriyeste a Italiya tana da difloma ta shekara ɗaya ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, wadda aka tsara don share hanyar doktora. Duka biyun suna son wasiƙun malamai, don haka tun yanzu ki nemi malami a sashenku ya duba aikin kammala mastarki a kan ɗaya daga cikin ayyukan da na zayyana, ko da ba fanninsa ba ne, lissafin ciki zai gane shi. A Faransa akwai tsarin CIFRE, inda kamfani yake ɗaukar ɗalibin doktora aiki na shekara uku tare da jami'a, kuma ƙananan kamfanonin kwantam suna amfani da shi. Sai dai ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairu 2024, don haka batun biza ki binciko shi tun kafin ki sa rai, ki kuma baza nema zuwa Jamus, Holan, Finlan, Kanada da Afirka ta Kudu.

Aiki daga nesa yana yiwuwa, kuma agogonmu ɗaya ne da na Paris da Balin a lokacin sanyinsu, awa ɗaya ce tsakani a lokacin zafinsu. Amma akwai shinge da ba a cika faɗa ba. Tun 2024 Faransa, Ingila, Amurka da wasu ƙasashe suka sa injunan kwantam daga kubit 34 zuwa sama, masu ƙarancin kuskure, cikin kayan da ba a fitarwa sai da izini, kuma dokar tana iya shafar bayanan fasaha da ake nuna wa ɗan wata ƙasa. Kamfanin da ke da kwangilar soja yakan taƙaita wasu kujeru ga ƴan ƙasa. Ki tambaya a hirar farko ko kujerar a buɗe take ga mai fasfo ɗin Nijar, don kada ki ɓata wata biyu a banza. Kamfanonin manhaja sun fi sauƙi a nan fiye da masu ƙera inji. Idan sun ce za su ɗauke ki a matsayin ƴar kwangila, ki sani babu inshorar lafiya, babu fansho, haraji kuma a wuyanki yake, sai ki sa wannan cikin farashi. Ki nemi a biya ki da yuro, tunda sefa a ɗaure take da shi a kan 655.957, canji ba zai ci ki ba kamar dala.

In Allah ya sa aka yi miki tayi, ke ma ki yi musu tambayoyi, ba rashin kunya ba ne. Kuɗin da ke asusunsu zai kai su wata nawa? Ƙasa da wata 12 haɗari ne, 18 zuwa 24 ya fi kwanciyar hankali. Kuɗin shigarsu daga abokan ciniki yake ko daga tallafin gwamnati? Za a bar ki ki wallafa bincike da sunanki? Wannan na ƙarshe yana da nauyi ƙwarai, domin idan kamfanin ya rufe, abin da kika wallafa shi ne zai bi ki. Kuma suna rufewa: Zapata, ɗaya daga cikin sanannun kamfanonin manhajar kwantam na Amurka, ta shiga kasuwar hannun jari a farkon 2024, ta dakatar da aiki a Oktoba na shekarar. Hannun jarin da za su yi miki alkawari galibi zaɓin saye ne, yana nuna a hankali cikin shekara huɗu, wanda ya tafi kafin cikar shekara ta farko ba ya samun komai. Ki tambayi kashi nawa ne na kamfanin gaba ɗaya, nawa ne farashin saye, da kwana nawa za a ba ki ki saya idan kin bar aiki, a Amurka sau da yawa kwana 90 ne. Ki yi lissafin rayuwarki a kan albashi kaɗai, bayan an cire haraji da kuɗin haya na garin da za ki zauna.

Ki kuma tsaya da ƙafa biyu. Duk abin da na lissafa, aljabarar matiris, ƙididdiga, inganta amsa, C++, rubuta shiri mai tsabta da gwaji, ana sayensa a fannin koyon inji da na manyan kwamfutoci. Akwai kuma reshe da yake da kasuwa a nan gida tun yanzu. A Agusta 2024 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta fitar da ƙa'idoji uku na ɓoye bayanai da injin kwantam ba zai karya ba, FIPS 203, 204 da 205. Biyun farko a kan lissafin raga (lattice) aka gina su, kuma a kwamfuta ta yau da kullum suke gudana. Bankuna, kamfanonin waya da masu aika kuɗi a yankinmu duk suna dogara da RSA da makamantansa, kuma sauya su zai so wanda ya fahimci lissafin ɓangarorin biyu, ya iya bin tsarin kamfani ya gano inda kowane tsohon mabuɗi yake. Idan kika sa babi ɗaya na aikin mastarki a kan ML-KEM, wato FIPS 203, tare da ƙiyasin abin da Shor zai ci a kan RSA, takarda ɗaya za ta yi miki aiki a wurin kamfanin Turai da kuma wurin banki a Yamai.